Shekarar da Aka Ɗage Jinkar Rumbun Yaya Kalla

Na san abin da kuka taso kuna ji game da ni da Yaya Kalla. Wasu sun ce muku a kan gona muka ɓata. Wasu sun ce sayar da ɗan'uwana na yi don a ba ni kujera a parti, kuma da gaskiya ne da yanzu kun ga kujerar, don ni dai tabarmar da kuka san ni a kanta ita ce har yau. Masu baza wannan magana, wasunsu ba a ma haife su ba a lokacin, wasu kuma suna wurin, sun gani da idonsu, suka zaɓi su manta. Shi ya sa zan gaya muku yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfin faɗa, don kada ku gaji gabar da ba ku san tushenta ba.

Yaya Kalla shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe gandu bayan rasuwar mahaifinmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Attantane. Ni aka tura lakwal, wato makarantar boko. Na samu ɗan aiki a wani shirin dashen itatuwa a Mayahi, ina yawo a kan keke ina gaya wa manoma abin da suka fi ni sani. Da aka rufe shirin a zamanin soja, sai na dawo gida da keken da Faransancina, babu wanda ake dafawa a cikinsu. Yaya ya nuna mini ɗakin da zan zauna da Habsu, uwarku, ya raba mini aiki a gona kamar jiya na fita. Mutum ne mai tsadar magana, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kuma ban taɓa iya sa masa linzami ba. Duk da haka ina jin tsoronsa, ina kuma sonsa fiye da yadda na taɓa nuna masa.

Ku da kuka girma a birni sai na yi muku bayanin rumbu. Rumbunan gandu a bakin gari suke, gefen hanya, na kara, kowanne da jinkarsa a kai kamar malafa. In an gama kaka sai a zuba damman hatsi, a ɗora jinka, ba a sake taɓawa sai damina ta faɗi, lokacin da maza ke buƙatar ƙarfin noma. Ba a tambayar mutum abin da ke cikin rumbunsa, kamar yadda ba a tambayarsa abin da ke ƙarƙashin rigarsa. A shekarar da ba a samu ba, magidanci yakan gyara rumbunsa ya ɗora jinka ko da babu zangarniya ɗaya a ciki. A wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, sutura ce. Kowa ya sani, kowa kuma yana yi wa kowa kara. Gidanmu ya fi kowa buƙatar wannan sutura, don tun zamanin mahaifinmu mu ake zuwa wa neman iri in shuka ta zo, kuma Yaya ya gaji wannan suna yana tattalinsa.

A shekarar da nake ba ku labarinta ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fidda kai. Abin da muka tsinto bai kai mu ko'ina ba. Ni da Yaya muka ɗora jinka a kan rumbuna wayam, muka ɗaure su tamau, muka koma gida ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Tsahara, matar Yaya, da uwarku suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake wankewa a sake wankewa kafin su ciwu. A cikin ɗaki suke jiƙawa, su zubar da ruwan a bayan danga inda ba mai gani. In baƙo ya yi sallama, Tsahara takan fito da fara'arta ta ba shi haƙuri cewa yanzu aka gama cin abinci.

Ana cikin haka sojoji suka ce za su maida mulki ga farar hula, aka buɗe wa partoci ƙofa. A namu partin mutum biyu suka fito, kowa yana so a tsaida shi takarar shugaban ƙasa. Ba zan kama sunansu ba. Mu a ƙauye Mai Tabarau da Mai Rawani muke ce musu, don abin da muka gani a hotunansu ke nan. Aka ce kowane yanki zai tura wakilai Yamai su zaɓi guda, kafin nan kuma mutanen kowane ɓangare za su zo su yi muhawara a gaban wakilan. Namu taron na Tasawa da Mayahi a Tasawa aka sa shi. Ƙauyenmu suka ce ni zan tafi, tunda ina jin Faransanci kuma ba ni da aikin da zan bari. Ranar tafiyar na je na durƙusa wa Yaya yana gyaran igiya a zaure.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji shi. "Ka tahi da bakinka, Ma'azu, amma ka baro mamu gidanmu."

Na ce to, kuma har ga Allah da niyyar cikawa na faɗa.

An yi taron a wani babban fili mai rumfa. Mutanen Mai Tabarau suka ce ciwon ƙasar nan rashin aikin yi ne. Suka ce ga samari sun gama karatu suna saida shayi a tasha, ga majiya ƙarfi suna kwarara Nijeriya cin rani duk shekara, a gina masana'antar man gyada, a shimfiɗa hanyoyi, a ba mutane aiki, talauci zai tafi da kansa. Mutanen Mai Rawani suka ce a fara da ciki: a kafa rumbun tsimi a kowane ƙauye, a raba iri, a haƙa rijiyoyi, wanda bai ci ba ba ya ɗaukar shebur. Gaskiya maganar ɓangaren farko ta taɓa ni, don ni kaina ina cikin waɗanda suke kwatantawa. Amma da anza na karya a ranar, ɗacinta na nan a maƙogwarona, saboda haka zuciyata tana wajen Mai Rawani.

Sai Mushe Illa ya karɓi magana. Malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, ɗan wani ƙauye a wajen Baudeta, shi ne bakin Mai Tabarau a yankinmu. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya hanzari. Ya dubi wakilai, waɗanda kusan dukansu manoma ne, ya ce:

"'Yan'uwa, ana ta hwaɗin yunwa, yunwa. Ni daga Mayahi na biyo hanya har nan. Kowane gari na wuce na ga rumbuna tsaye da jinkarsu. To in akwai wanda nashi ba komi ciki, shi tashi shi hwaɗa mamu, mu ji. In babu, mu bar zancen ciki mu kama zancen aiki."

Wurin ya yi tsit. Na duba dama na duba hagu, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi ko bakin riga. Na san mutanen nan, na san waɗanda suka saida akuyar ƙarshe, na san wanda ya zo taron don shinkafar da za a raba da rana. Ba wanda zai tashi, kuma Mushe Illa ya san ba wanda zai tashi, don shi ma a gindin rumbu aka haife shi. Abin da ya ƙona mini rai ke nan. Ya ɗauki suturar da muke rufa wa juna ya toshe mana baki da ita. Na ji shugaban taro yana gyara murya zai wuce gaba, na ga maganar yunwa za ta mutu a nan, a tafi Yamai a ce mutanen Tasawa da Mayahi sun ƙoshi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni Ma'azu, ƙanen Kalla," na ce. "Rumbunanmu na nan bakin hanya, Mushe ya gan su. Ni da wana muka ɗora jinkar da hannunmu, kuma wallahi ko ɓera ya shiga da yunwa zai hito. Anza muke ci. Wanda duk ke nan ya san ba mu kaɗai ba ne."

Na ci gaba da magana, ban tuna sauran ba. Na dai tuna an yi tafi, mutanen Mai Rawani suka rungume ni, aka ɗaga hannu, rinjaye ya koma wajenmu. Na kuma tuna cewa cikin manoman nan babu wanda ya tashi ya ce shi ma haka ne. Sun ɗaga hannu, amma ba su dube ni ba. Da aka watse ina wajen mai shayi, Mushe Illa ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci.

"Ka ci ni yau," ya ce. "Ban zaci da wanda zai hwaɗi ba."

"To mi ya sa ka tambaya?"

"Don na san ba a amsawa. Na gidan ubana ma hakanan suke, Ma'azu. Sai dai ni in na koma gida ina iya duban yayyena."

A nan na fara gane abin da na yi. Kafin in isa gida maganar ta riga ni, don ranar ta dace da cin kasuwa, kuma wani ya ɗauki muryata a kaset ana ta sakawa a tasha. Na iske Yaya a zaure, na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni gajiyar hanya. Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Uwarku ce ta tare ni a ɗaki.

"Malam, da ka ce wani gida. Da ka ce wani gari."

"Da na ce wani gida, da an ce ji na yi. Gaskiya na hwaɗi, Habsu."

"Ba wanda ya ce ƙarya ka yi. Amma gaskiyar ba taka ba ce kai ɗaya."

Da abin ya tsaya nan, ina jin da mun shanye shi a hankali. Amma bayan ɗan lokaci Mai Rawani ya fito rangadi, mutanensa suka ga babu abin da zai fi masa armashi kamar ya tsaya a rumbun da aka yi magana a kai. Ba wanda ya shawarce ni, wannan ku riƙe shi da kyau. Da hantsi muka ji ƙugin motoci, gari ya fito. Ga maroƙa, ga mai ɗaukar hoto, ga samarin parti da tutoci. Suka tsaya a bakin rumbunanmu suna tambayar ina Kalla. Na ruga na kama hannun wanda ya shirya tafiyar ina roƙonsa a bar abin nan, ya ce mini ai taimakonku za a yi. Yaya ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Baƙo ne ya zo ƙofarsa, babban mutum kuma, ba zai kore shi ba. Ya yi masa maraba yadda ya kamata, aka ce ana neman izninsa a duba. Sai ya ce:

"Ku duba. An riga an buɗe."

Samari suka kama jinkar suka ɗage, suka ajiye ta a ƙasa. Mai Rawani ya taka wani turmi da aka kawo masa ya leƙa, ya girgiza kai, aka ɗauki hoto. Ya yi jawabi mai kyau, har da hawaye, kuma ba na ce na ƙarya ba ne. Mutanen gari kuwa, waɗanda duk sun san abin da ke ciki tun kaka, suka kau da fuska kamar an tuɓe tsoho a kasuwa. Yaya na tsaye, hannunsa a baya, yana duban motocin. Da suka tafi ba wanda ya tuna ya maida jinkar. Na je zan ɗauka, ya ce in bar ta, ba ta da sauran aiki.

Ba zan ɓoye alherin da ya biyo baya ba, don shi ma yana cikin gaskiyar. Babbar mota ta zo da buhunan masara aka raba wa gari, kuma akwai yaran da na tabbata ita ta kai su damina. Wasunsu yau su ne dattawan da ke gaya muku na saida ɗan'uwana. Iyayensu ma haka suka yi, suna taunar masarar suna zagina. In na doso inda maza ke hira sai zance ya koma na zafin rana. Wanda zai yi kukan gidansa sai ya duba ko ina kusa. Na zama mutumin da ba a magana a gabansa, ni da aka aika don in yi magana. Na koma zama ni kaɗai a gindin wata bishiyar bedi bayan gari, ina sauraron ƙaramar rediyo. A nan na ji cewa Mai Tabarau da Mai Rawani sun sasanta, ɗaya ya janye wa ɗaya, an yi musafaha. Ba a yi zaɓen ba, ban je Yamai ba, hannun da muka ɗaga a Tasawa ba a ko ƙirga shi ba. Na kashe rediyon na zauna, babu ma wanda zan gaya wa.

Abin da ya karya Yaya ba zagi ba ne, tausayi ne. Mutane suka fara aiko mana da abinci. Wata safiya wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana karɓar iri a hannun mahaifinmu ya shigo zaure da ƙwarya rufe da faifai, ya ajiye a gaban Yaya, ya ce ba yawa, a ba yara. Da zuciya ɗaya ya kawo. Yaya ya yi godiya, ya yi masa addu'a, ya raka shi har waje. Da ya dawo ya tsaya a kan ƙwaryar yana dubanta. Daga ranar ya daina zama a ƙofar masallaci bayan salla, yana sallamewa sai gida. Ba a daɗe ba Tsahara ta same ni a bakin rijiya, ita da ta daina yi mini wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji.

"Wanka zai tahi cin rani," ta ce.

Cin rani na samari ne. Mai gandu, mai furfura, ba ya barin gida ya tafi neman aikin ƙarfi, kuma Yaya bai taɓa kwana a wajen ƙasarmu ba. Na bi shi har Tasawa ranar da zai tafi. Mota ɗaya muka shiga. A tasha, yana jiran motar da za ta kai shi wajen Katsina, na durƙusa a gabansa cikin mutane, ban damu da masu kallo ba.

"Yaya, ka koma gida. Ni ya kamata in tahi. Ni na jawo."

"Tashi, kana ɓata wandonka," ya ce. Ya kama kafaɗata ya tashe ni. "Ban riƙe ka da komi ba. Ɗiyan mutane sun ci masara, na gani. Amma ni ba ni iya zama inda kowa ke gaishe ni da taushin murya. Can ba wanda ya san ni da rumbu, balle shi san ba komi ciki."

Ya shiga mota da ƙullin kayansa a cinya. Na tsaya har ta fita tasha, sannan na nemi ta komawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan hanya ba, ga mutane cike da mota har kan juna.

Na riƙe gida yadda na iya. Na gyara dangar Tsahara, na yi sharar gona, na ƙona kara, ina gaya wa kaina cewa duk mai cin rani ruwan farko ke maido shi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwa ya sauka mai kyau. Motoci suka riƙa sauke 'yan cin rani a bakin hanya, wannan da rediyo, wancan da katifa a naɗe, mata na guɗa a gidaje. Kullum in na taso daga shuka sai in bi ta bakin hanya kamar wani abu nake nema. Na bar wa Yaya gefen gonar da ya fi so ban taɓa ba, har ciyawa ta fara rufe shi.

Wata rana da la'asar wani direba ɗan Attantane, mai zuwa Nijeriya, ya yi sallama. Ya ce ya ga Yaya a wani ƙauye bayan iyaka, lafiyarsa lau, wani mai gona ya ba shi wuri yana yi masa aiki. Ya ce yana gaida kowa da kowa, in an yi kaka zai aiko a kai masa Tsahara da yara. Na ce ai kafin kaka ma zai zo, ko don noman fari. Direban ya dubi ƙasa.

"Ya ce a ba ni hauyarshi in kai mashi," in ji shi.

Tsahara tana bayan danga tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da hauyar, doguwar nan mai ƙota ta tsawon mutum, wadda wurin riƙonta ya yi santsi da tafin hannunsa. Ta miƙo mini ita, ba ta miƙa wa direban ba. Manomi yakan tafi ko'ina ya bar hauyarsa, don ya san zai dawo ya same ta. Wanda ya aiko a kai masa ita ya gama magana.

Ni na ɗauke ta a kafaɗa har bakin hanya, na ɗaure ta da kaina a saman motar don kada ƙotar ta karye. Direban ya tada mota, ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko da saƙon baki. Na ce ya gaya masa an yi ruwa, shuka ta fito. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da Yaya Kalla, kuma ban san ko ta isa gare shi ba.